Taken Jumare

A shekarar da aka sallamo mutanen Kebbe daga diban gwamna, wato aikin tilas na haƙar kuza a ƙasar Jos, wasu sun dawo da tari, wasu da tsohon bargo, wasu kuma labarinsu ne kawai ya iso gida. Jumare na Fakku ya dawo da hannu biyu da ƙafa biyu, abin da hukuma ke kira lafiya lau. Maganarsa ce dai ba ta biyo shi ba. Mutumin da a da in ya shiga gonar gayya samari kan ja baya su ba shi fili, yanzu sai ya wuni yana kallon bango. Da ruwan farko ya sauka ya daina cin abinci. Goggo Hauwa'u, ƙanwar ubansa wadda ta goya shi, ta ɗora shi a jaki ta kawo shi ɗakin shan magani na Tambuwal.

Malamin asibitin, Attahiru, an koya masa wanke gyambo da raba kwinin. Ba a koya masa abin da ake yi wa mutumin da babu inda ke masa ciwo ba. Ya ba shi rumfa a bayan ɗakin, ya sa aka buga masa marin ƙarfe a ƙafafu domin haka doka ta ce, ko da yake Jumare ko ƙuda ba ya korewa. Kullum Attahiru yakan wanke shi, ya juya shi, ya ɗura masa kunu da cokali, kunun kuma ya dawo ta gefen baki.

Sai saƙo ya zo cewa likita Bature na tafe rangadi, kuma duk mai taɓin hankalin da ya ƙi abinci za a sa shi a mota a kai shi birni, gidan da ake tsare irinsu. Goggo ta tambayi Attahiru ko ana barin dangi su je dubiya. Ya ce ana bari. Ta tambaye shi ko ya san wanda ya taɓa dawowa daga can. Attahiru ya tuna yana da kwalabe da bai ɗauraye ba.

Ita ce ta kawo zancen Ɗan'iya, makaɗin noma na Fakku. Kowane gwanin manomi yana da takensa, kiɗan da ake yi masa shi kaɗai, wanda in ya ji ko yana cikin zazzaɓi sai ya miƙe. Ɗan'iya ne ya yi wa Jumare nasa tun yana saurayi. Attahiru ya ce nan asibiti ne, ba dandali ba. Da ya sake duban haƙarƙarin Jumare, sai ya ce a yi da sassafe, a gama kafin likita ya iso da azahar.

Ɗan'iya bai zo da sassafe ba. Ya ji akwai Bature, sai ya tsaya neman aron riga. Likitan kuma bai jira azahar ba. Suka iso kusan tare, ɗaya da mota da dogarai biyu, ɗaya da ganga a kafaɗa da garma a hannu, domin a wurinsa ba a kaɗa wa manomi take hannunsa wayam. Ya jingine garmar a bakin rumfa, ya koma bayan darni, ba wanda ya kula sai Goggo.

Likitan bai daɗe ba. Ya ɗaga fatar idon Jumare, ya tsunguli fatar hannunsa ya ga ta ƙi komawa, ya ce a matso da mota. Goggo ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa ba. Ta juya ta dubi darni, ta gyaɗa kai.

Bugun farko bai yi komai ba. A na gaba yatsan Jumare ya motsa a kan tabarma. Attahiru ya gani. Kan Jumare ya ɗago a hankali kamar na wanda aka kira daga nesa. Da Ɗan'iya ya tsaya nan da an rabu lafiya. Amma ya leƙo ya ga Bature ya juyo yana kallonsa, kuma makaɗin da ya aro riga ba ya kiɗan ɓoye. Ya fito fili, ya ƙara wa gangar wuta, ya yi abin da makaɗa ke yi wa manomin da ya yi sanyi: ya shiga zuga shi da gori. Ya ce Ɗangiwa ne gwanin Fakku yanzu, shi ake ba kan kunya, wani kuwa yana kwance ana ba shi kunu a baki kamar jinjiri.

Jumare ya miƙe. Marin ya yi ƙara. Ya ɗauki garmar kamar jiya ya ajiye ta.

Ɗangiwa yana Fakku, ba ruwansa. Waɗanda ke gaban Jumare dogarai ne masu jan rawani, irin waɗanda suka sa masa igiya a ƙugu ranar diba. Ya nufe su da gajeren taku, gwargwadon abin da ƙarfen ya bari. Dogaran suka duba suka ga aikinsu bai haɗa da wannan ba, suka koma bayan mota. Ya rage likitan, da Goggo a tsakani.

Likitan ya daka tsawa a tsayar da kiɗan, Ɗan'iya kuma ya tsayar.

Shirun ya fi kiɗan muni. Jumare ya tsaya da garma a sama, idonsa na yawo daga fuska zuwa fuska. Ya ɗaga ta ke nan, dole ta sauka a wani wuri. Goggo ta kira sunansa, bai san ta ba.

Attahiru bai yi wani tunani mai zurfi ba, tsoro ne ya tura shi. Ya damƙi wuyan rigar aron.

“Kaɗa. Taken kaɗai. In ka sake buɗa bakinka ni ka fasa maka kai, ba shi ba.”

“Malam, Bature ya hana.”

“Bature ba shi ad da garma ba. Kaɗa.”

Gangar ta dawo, a raunane. Attahiru ya ja makaɗin da baya da baya, ya kewaya da shi gefen rumfa zuwa filin da ke bayan asibitin, inda ba kowa sai ciyawa. Kan Jumare ya bi sautin. Sai kafaɗarsa, sai ƙafafun. Ya wuce Goggo har gefen garmar ya shafi mayafinta. A bakin filin ya tsaya, ya dubi ƙasa, ya saukar da garmar.

Ƙasar ta jiƙa, ta karɓa. Ya tayar da kunya ɗaya karkatacciya, domin mari ba ya barin mutum ya buɗa ƙafa. Attahiru yana danna kafaɗar Ɗan'iya, duk dannawa kiɗan na ƙara lafawa, saran ma haka, har Jumare ya saki ƙotar ya zauna a kan abin da ya noma yana haki. Goggo ta zo da ƙwaryar fura, ta ajiye a gabansa. Ya ɗauka da hannunsa. Rabi ya zube a ƙirjinsa, rabi ya wuce.

Likitan ya daɗe yana goge wuyansa da hankici kafin ya yanke hukunci, kuma ya raba shi daidai yadda ba wanda zai yi murna da yawa. Wanda ke shan fura da kansa ba ya bukatar wuri a birni, inda dama an cika. Wanda ya ɗaga wa mutane garma kuwa ba za a cire masa mari ba sai rangadi na gaba. Shi kuma malamin da ya saɓa masa a gaban jama'a zai ji daga ofis. Attahiru ya ce to, ranka ya daɗe.

Motar ta tafi da dogaranta. Ɗan'iya ya zauna yana duban wuyan rigar da ya yage, yana tambayar wa zai yi wa mai ita bayani.

Goggo ta samo man shanu, ta durƙusa tana cusa shi ƙarƙashin ƙarfen inda fata ta sale. Jumare yana kallon hannunta. Can ya yi magana, da murya kamar ta tsohuwar ƙofa.

“Goggo, an yi shuka gida?”

“An yi.”

“Wa yay yi tawa?”

Ba wanda ya yi. Ta ce masa ya miƙo ɗayar ƙafar.