Ramin Merv Treloar

Aikina a filin gwajin roka na Woomera ba shi da wani kwarjini, ni ce mai buga waya. Duk ranar da za a harba wani abu sai in kira gidajen masu kiwon tumaki da ke ƙarƙashin hanyar da zai bi, gida-gida, in tabbatar kowa ya shiga ramin kankaren da gwamnati ta gina masa a bayan gidansa don fakewa tun zamanin iyayenmu. Idan mutum ɗaya ya rage a waje, ko firaminista ne ya zo kallo, ba mai danna komai sai na ce an shiga.

Safiyar da nake ba ku labari kowa ya amsa lafiya lau, ban da Merv Treloar, wani tsoho mai taurin kai da na sani tun ina yarinya.

"Noelene," in ji shi, "ki ce su harba, ko a kaina zai faɗo. Ba na shiga."

"Merv, tsufa ne ya taɓa ka ko rana?"

"Famfona ne ya mutu tun jiya da yamma. Tumaki na tsaye a bakin kwami babu ko ɗigo. Ɗana ya kai matarsa asibiti a Port Augusta, daga ni sai kare. In na zauna a rami har tsakar rana, gawarsu zan fito in tarar." Ya kife wayar.

Raina ya ɓaci, amma na san ba ƙarya yake ba. Zafin ranar nan ko ƙudaje sun nemi inuwa. Na tashi na kai maganar ɗakin kula da harbi, inda Dakta Thea Marangos take tsaye a bayan yaranta.

Thea ce shugabar masu injin, daga wata jami'a a Brisbane suka zo. Injin nata ba ya ɗaukar iskar ƙona mai a tanki kamar roka, shaƙarta yake yi daga sama yana cikin gudu. Matsalarsa ɗaya, ba ya kamawa sai gudun ya ninka na sauti sau da yawa. Shi ya sa ake ɗaure shi a hancin roka a kai shi can ƙololuwa, ya juyo da kai ƙasa, yana cikin faɗowa a ba shi mai. In ya kama, ya kama na ɗan ƙiftawar ido, sannan ya tarwatse a hamada. A kan wannan ƙiftawar idon Thea ta ƙarar da ƙuruciyarta. Sun taɓa zuwa sau ɗaya, rokar ta karkace tun kafin ta yi nisa, suka koma gida da buhun ƙarafa. Wannan zuwan shi ne na ƙarshe da aka yarje musu, kuma ranar ita ce ta ƙarshe, don washegari sojoji za su karɓi filin. Ga kuma iskar sama da ke tashi da tsakar rana, da ta tashi an rufe zance.

Na yi musu bayanin abin da Merv ya ce. Wani ya ce a tura ɗan sanda. Na ce masa ɗan sandan da zai ja Merv cikin rami ba a haife shi ba.

Thea ta juyo gare ni. "Me ya lalace a famfon?"

"Sandar da ke cikin rijiyar ce ta ɓalle, ina jin. Ya san gyaran, hannu ne ba shi da shi. Mutum ɗaya ba ya iya ciro bututun."

"Mu biyu da shi mun zama uku. Ina makullin motarki?"

Dinh, mataimakinta, ya miƙe har kujerarsa ta faɗi. "Thea, kin haukace? Ki tura wani mana!"

"Wa zan tura? Kowannenku akwai abin da yake riƙe da shi. Ni kaɗai ce aikina ya ƙare, tsayuwa kawai nake a kanku ina takura muku. Zauna a kujerata, kada ka saba da ita."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ba wanda ya ƙara tanka mata. Muka ɗauki hanya. Tafiya ce mai nisa a kan jar ƙasa mai gargada, ina tuƙi ina zagin Merv da famfonsa da kakan famfonsa. Kowace ƙofar shinge muka zo, kafin in tsaya Thea ta dira ta buɗe.

Mun sami Merv a gindin famfon, irin mai fuka-fukin nan da iska ke juyawa. Tumaki sun yi cincirindo a bakin busasshen kwami, kuka ma sun gaji da yi. Ya dube mu daga ƙarƙashin malafarsa.

"Wannan ce mai wasan wutar?"

"Ni ce, Mista Treloar. Ina igiyar?"

"Mista Treloar babana ne, yana makabarta, ni Merv ne. Kin taɓa riƙe abin da ya fi biro nauyi, Farfesa?"

"Gwada ni ka gani."

Ya kuwa gwada ta. Shi yana ba da umarni yana kwance mahaɗa, ni da ita muna jan igiya, bututu na fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tsatsa da laka. Ƙarfen ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa sai da tsumma. Tafin hannun Thea ya yi ƙuna ya fashe, ta yage gefen rigarta ta naɗe ta ci gaba. Sau ɗaya igiyar ta kusa kufce mana, Merv ya daka mata tsawa kamar 'yar cikinsa, ta mayar masa da abin da ba zan maimaita ba. Daga nan suka fara shiri.

"Shi abin naki," in ji shi yana ɗaure sabuwar mahaɗa, "in ya yi, me zai yi?"

"Wata rana jikanka zai karya kumallo a nan, ya ci abincin rana a Landan."

"Me zai je yi a Landan? Tumaki suke da su?"

"Ɗaure ƙarfenka, Merv, surutu ya yi yawa."

Muka mayar da bututun, ya saki birkin fuka-fukin. Famfon ya yi tari, ya tofar da jan ruwa, sannan farin ruwa ya biyo baya. Tumakin suka ruɗe suna hawa kan juna. Ni dai na zauna daɓas a ƙasa.

A nan ne rediyon motata ya yi magana. Dinh ne. Ya ce balan-balan ɗin da suka tura don auna iska ya nuna iskar sama ta fara motsi da wuri. In aka jira Thea ta dawo, an rasa.

Ta tsaya ta dubi hanyar da muka biyo. Na ga ciwon abin a fuskarta, kuma ni ma ya yi mini ciwo. Ta ɗauki rediyon.

"Dinh, fara ƙirga. Kada ka jira ni."

"Thea, naki ne fa."

"Na san nawa ne. Fara."

Merv ya kira karensa muka nufi ramin. A bakin ƙofar ya tsaya ya nuna kudu da haɓarsa. "Daga nan ana ganin hayaƙin tar, na sha leƙawa ina yaro. Ki tsaya a waje ki kalli abinki. Noelene ta ce musu kin shiga, wa zai sani?"

Tun da na kama aikin nan ban taɓa cewa an shiga ba a shiga ba, amma ranar, da ta dube ni ta roƙa, ban san me zan yi ba. Ba ta ma dube ni ba.

"Ba za a fara ƙarya a kaina ba," in ji ta. "Na zo in sa ka a rami, ni kuma in tsaya a waje? Shiga, tsoho."

Ita da kanta ta jawo ƙofar ƙarfen ta rufe. Ramin ba taga, sai kwan fitila ɗaya da benci da gwangwanayen wake da suka girmi ɗan Merv, da wata baƙar waya a jikin bango. Na ɗaga wayar na ce gidan Treloar an shiga, mutum uku da kare. Sannan na miƙa mata.

Ta manna wayar a kunne da hannunta mai naɗin tsumma, ta kafa goshinta a bango. Ba ma jin abin da Dinh ke faɗa, sai dai mu karanta a bayanta. Merv ya zuba shayi daga fulas ya ajiye mata, ba ta ko gani ba. An daɗe a haka. Can sai wani dum ya zo daga sama, ƙura ta zubo daga rufi, kare ya shige ƙarƙashin benci.

Sai ga ihu yana fitowa daga wayar, har mu muna ji. Kafaɗun Thea suka fara rawa.

"Ya kama?" na tambaye ta.

Ta gyaɗa kai, hawaye na wanke baƙin man da ke kumatunta. Sannan ta share hanci ta ce a wayar, "Dinh, ka ji ni. Kada kowa ya taɓa kwalbar giya sai an kwafe duk abin da injin ya aiko, gida biyu. Gobe da safe mu fara zancen na gaba."

Da aka ba mu izini muka fito. Sama fes, iskar ta riga ta share hayaƙin, ko alamarsa babu. Ta daɗe tana duban wajen da ya kamata a ce yana nan. Ba abin da ake ji sai ƙarar famfo da tumaki na shan ruwa.

Merv ya cire malafarsa ya sosa kai.

"Ki je ki ƙera wani, Thea," in ji shi. "Ranar, ko famfo ya mutu, ko gidan ne ya kama da wuta, tun da asuba zan shiga ramin nan in rufe kaina. Ke ki tsaya ki kalla."