Mijina da Takalmana

Tun da mijina ya shiga ƙungiyar masu ceto, waɗanda ke ciro mutane daga kogo da tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai, ya daina kallon fuskata. In yi masa magana, idonsa na kan takalmina. In kawo masa abinci, ya yi wa ƙafata godiya. Na sha kwalliya har na gaji, bawan Allah ko a jikinsa.

Abin ya ci mini rai sosai. Na kai ƙara wajen yayata, ita kuwa ba ta iya rarrashi ba.

"Namijin da ya kasa haɗa ido da ke, akwai abin da ya ƙunsa," in ji ta. "Ki shirya jakarki."

Na kuwa shirya, na tura ta ƙarƙashin gado.

Wata safiya ya manta cajar fitilarsa, irin fitilar nan da suke ɗaurawa a goshi. Na ce yau zan ga abin da ake ɓoye mini. Na ɗauka na bi shi ofis.

Na tarar da ƙarti zaune a kan benci, igiyoyi da huluna rataye a bango, ana ta hira da dariya, amma kowa takalmin ɗan'uwansa yake kallo. Shugabansu ya taso ya gaida silifas ɗina cikin ladabi.

"Wai ku me ƙafafun mutane suka yi muku?" na tambaye shi.

Ya ɗaura fitila a goshi, ya kunna, ya ɗago ya dube ni. Da rana tsaka fa, amma sai da na dafa bango, ina ganin wasu korayen ƙwallaye suna yawo.

"A cikin rami, duk wanda ka kalla a fuska ka makantar da shi," in ji shi. "In kuma yana kan igiya, shi ke nan. Maigidanki ya fi kowa wannan laifin da ya zo. Mun sha fama kafin ya daina."

Sun yi aiki kam, har ya wuce gona da iri.

Da yamma mijina ya dawo, ya yi wa takalmina sallama kamar kullum. Na kamo haɓarsa.

"Malam, nan falo ne, ba kogo ba. Dube ni."

Sai da hannunsa ya fara zuwa goshi, yana laluben makunnin fitilar da babu ita, don kada ya cutar da ni. Nan zuciyata ta karye, na ji kunyar jakar nan. Sannan ya ɗago a hankali, ya ƙura mini ido.

"Yaushe kika fara sa tabarau?"

"Tun watan jiya."

"Sun yi miki kyau," in ji shi. "Amma dunduniyar takalminki na hagu ta cinye, na daɗe ina so in gaya miki."