Gashin Kaji a Buhun Garin Kifi

Kai, Paschal mai injin abincin kaji na Chikaji, kai ka lalata mana kaji, kai ka sa matan zumunta suka daina gaishe ni a ƙofar coci. Na kama sunanka ne don kada a ce habaici nake yi.

Ni na kawo maka matan nan. Na ce musu yaron kirki ne, garin kifin da yake zubawa a haɗinsa har ƙamshi yake. Damina ba ta fita ba kajinmu suka rame, ƙwai ya ragu, wanda aka samu ma kamar na tattabara. Ci suke kamar gara, amma in ka ɗaga kaza sai ƙashin ƙirji. Scholastica, wadda muke zama benci ɗaya tun ba a haife ka ba, ta ce a gaban jama'a wai bakinmu ɗaya da kai.

Da na zo wurinka, cewa ka yi an gwada abincinka, furotin ya cika ya batse, ni ce tsufa ya hana ni iya kiwo.

To, ban yi boko ba, amma na san hanyar Samaru, inda masu binciken noma da kiwo suke. Na ɗebi abincin a leda, na ɗebi kashin kajin a wata, na hau keke napep. Direban ya yi ta toshe hanci, na ce masa ya tuƙa kawai, ban ce turare na ɗauko ba.

Can aka haɗa ni da wata malama mai binciken abincin dabbobi, Mojisola. Ta ba ni kujera, ta karɓi ledojin, ta ce in dawo. Ranar da na koma ta sa na leƙa ta madubinsu mai ƙara girman abu. Gashi na gani, Paschal. Gashin kaji niƙaƙƙe, da ɗan kifi kaɗan don wari.

Ta ce zancen furotin ba ƙarya ka yi ba, gashi yana da shi sosai. Amma sai an dafa shi da tururi mai ƙarfi a rufaffiyar tukunya kafin cikin kaza ya iya narkar da shi. Ɗanye kuwa, yadda ya shiga haka yake fita.

"Mama," ta ce, "ba abin da ke cikin buhu ake dubawa ba, abin da ya zauna a jikin kaza ake dubawa."

Na ce ashe taki na yi ta ciyarwa, ba kaji ba. Sai da ta dafe teburi don dariya.

Da na bi diddigi, masu figar kaji na kasuwar Sabon Gari sun ce kai ke kwashe gashin da suke zubarwa. Sun ɗauka matashin kai kake yi.

Malama da kanta ta zo zumunta ta yi bayani. Scholastica ta rasa inda za ta sa idonta, ta zo ta karɓar min jaka har gida. Mun canza abinci, kajina sun murmure, yanzu da asuba kukansu ke tashin maƙwabta.

Kai ka rage. Ranar Lahadi bayan sujada matan zumunta za su zauna, an ajiye maka kujera a gaba. Ka zo ka faɗa da bakinka wa ya ce ka niƙa gashi ka kira shi kifi, kuma wace ce ba ta iya kiwo ba.