Ranar da Ruwa Ya Kwanta

Mu matan masunta a Dranske, ƙauyenmu na bakin teku, kwanciyar ruwa muke roƙo. Haka uwata ta yi, haka na yi har teku ta cinye mijina. Da sojoji suka ɗauki ɗana Hinnerk koyon tuƙin jirgin saman nan mai sauka a kan ruwa, ban fasa ba.

Ran Lahadi ya zo cin dankali da kyafaffen kifi, ya ji ni ina addu'a.

"Inna, ki bari, kashe ni za ki yi! In ruwa ya zama madubi, daga sama ba a gane nisansa. Sai jirgin ruwa mai inji ya zagaya ya tayar mana da igiyar ruwa."

"Ji shi! Kai da ko keke bai gama yarda da kai ba."

Jirgin da yake koyo da shi tsoho ne, mai fukafukai sama da ƙasa, ƙafafunsa kamar kwale-kwale biyu. Ran Laraba zai tashi shi kaɗai karon farko. Wanda ya kasa, gabas ake tura shi fagen yaƙi da bindiga.

Da Larabar ta zo, ana iska ya tashi. Kafin hantsi ta ɗauke, tafkin da suke sauka a kai ya kwanta luf. Na duba ban ga jirgin inji ba. Ashe babu mai, yaƙi ya shanye.

Na ruga wurin maƙwabcina.

"Baba Tewes, tashi ka tura kwale-kwale!"

"Haba Hedwig, wane kifi da ranar nan?"

"Ba kifi ba, tsoho. Ruwa za mu daka."

Muka shiga tsakiya muna ta dukan ruwa da filafili, har tafin hannuna ya fashe. Igiyar ba ta nisa sai ta mutu. Na miƙe ina ɗaga gyale don ya sauko kusa da mu. Amma an koya musu su nisanci kwale-kwalen masunta, Hinnerk kuwa mai jin magana ne. Ya karkata can inda ruwa ke ƙyalli. Bai ko ɗaga hancin jirgin ba, haka ya daki ruwan.

Mu muka fara isa. Jirgin ya kife, ƙafafun ne kawai a sama, shi yana ƙasa ɗaure a kujera. Tewes ya nutsa sau biyu, numfashinsa bai kai ba.

Can sai ga wani hafsa da sojoji. Ya ce a fara kwance ƙafafun, ba su lalace ba, kuma babu sababbi.

Hinnerk sai da yamma aka fito min da shi.