Dutsen da Na Tauna

Jirginmu ya fashe a Kogin Green a shekarar 1884, kwana arba'in da fara tafiya. Mu uku muka fita da rai: ni, da mahaifina Asa Thorne mai nazarin duwatsu, da Jubal Kemp matuƙin jirgin. Gorar ruwa biyu da gudumar Baba da littafinsa kawai muka tsira da su. Mafita ɗaya ce, mu haye bangon kwazazzabon da kogin ke bi, mu ratsa fako har garin makiyaya.

A kwana na biyu da fara hawa ruwa ya ƙare. Ƙyallin rana kuma ya taɓa idon Baba, sai da na ɗaure masa ƙyalle ina jan sa.

"Mu koma kogi," in ji Jubal.

"Mu sha ruwa mu mutu da yunwa? Ba inda zan koma," na ce.

Baba ya lalubo kafaɗata. "Orpha, nemo inda dutsen yashi ya zauna kan dutsen laka. Laka ba ta barin ruwa ya wuce, a nan yake tsattsafowa."

"Duk ja ne, Baba, ban iya rabe su ba."

"Sa a haƙori. In kin ji ƙurus-ƙurus, yashi ne. In ya yi santsi kamar man shanu, laka ce."

Jubal ya yi dariya da tsagaggen leɓe. "To fa! Shekara huɗu a kwaleji, ashe cin dutse aka koya wa Malama. A kawo gishiri?"

"Kai da ka ƙware a ruwa, ina jirgin?"



Na riƙa hawa ina ɓantara da guduma ina taunawa. Babu yawu a bakina. A hawa na biyar haƙorina ya gutsure, na tofar da jini na ci gaba. A hawa na tara ne dutsen ya narke mini a harshe.

Na bi layin nan da rarrafe har la'asar, sai tafina ya taɓa danshi. Ɗigo-ɗigo ruwan ke fita, amma yana fita.

Jubal ne ya tara hularsa, ya fara miƙa wa Baba. Da Baba ya sha, ya ce in buɗe littafinsa in rubuta wurin.

"Wane suna zan sa masa?"

"Wa ya samo shi?"

Na rubuta nawa, da manyan baƙaƙe.