Taki Ya Zo

Tsohon manomin ya turo buhun takin a baro har tsakar gida, yana haki yana murmushi. Takin gwamnati ne mai rahusa, wanda aka yi musu alkawari tun kafin ruwan farko. Sai yau ya iso, bayan an girbe 'yar masarar da ta fito, har an kusa cinye ta. Da za a ba su sai da aka sa suka ɗaga hannu aka ɗauki hoto.

Matarsa ta dubi buhun, ta dube shi. "Malam, dafa shi zan yi ko soyawa?"

"Ke dai miƙo min wayar nan."

Ba gonar yake wa murna ba. Ɗansu Dogo ya tafi birni dako tun bara waccan. Ranar tafiya ya ce ƙasar ta gaji, ba ta bayarwa sai da taki, taki kuwa ya fi ƙarfin talaka. "Ranar da aka samu, Baba, ka kira ni." Tsohon ya riƙe maganar nan hannu bibbiyu. Kewar yaron na cin sa. Har yau in yana noma sai ya ɗaga kai ya dubi ƙarshen kunya, inda Dogo kan riga shi isa ya tsaya yana yi masa tsiya.

*

Ƙarar manyan motoci ce ta fara amsawa, sannan muryar Dogo.

"Taki ya zo," in ji tsohon.

"Yanzu, Baba? Bayan girbi?"

"Zai jira damina. Sai ka fara shiri."

Dogo ya ce, "Baba, masarar ƙasashen waje nake saukewa kullum, mota bayan mota. An buɗe mata hanya, ta karya kasuwa. In mun noma, wa zai sayi tamu?"

"Sai mu ci abinmu."

"Ku sayar da takin ku sayi abinci. Na ba direban garinmu saƙo. Ka gai da Inna, ana kira na."

*

Saƙon rabin buhun masara ne. Direban da ya kawo ba shi da sakaya zance: sharar cikin mota ce, wadda 'yan dako ke tattarawa bayan an gama sauke kaya.

"Ya rame?" tsohon ya tambaya.

"Kowa ma ya rame, Baba."

Matar ta ɗauko wuƙa za ta yanke igiyar bakin buhun, sai ya riƙe mata hannu. Zagaye biyu, ƙulli a karkace, wutsiya a soke ta ƙasa. Shi ya koya wa yaron wannan ɗaurin a bakin rumbu, lokacin da hatsi ke kwana ya shekara.

"Kada ki yanke. Ɗaurinsa ne."

Ta farke buhun ta gefe, masara ta zubo a faranti haɗe da yashi da warin man mota. Ta duƙa tana tsince tsakuwa, shi kuwa ya zauna da bakin buhun a cinyarsa, yana shafa ƙullin da babban yatsa.