Yankan Dawar Manjo Abdulmutallib

A kasuwar Funtua Saje Maharazu ya ji labarin. Wani direban motar Danja ne ya ce masa Manjo Abdulmutallib ya faɗi da mashin ya karye a cinya, ga dawarsa ta isa yanka, 'ya'yansa duk suna birni.

Maharazu mutumin garin Ƙarfi ne, ya daɗe da tuɓe kaki ya koma noma. Manjo ne ya riƙe rukuninsu lokacin da aka tura su arewa maso gabas, yana kyaftin a sannan. Ya san garin kowa da sunan 'ya'yansa. In soja ya yi laifi, gefe yake jansa ya yi masa faɗa. Akwai Tanimu, Bamaguje daga wajen Kafur, da wasu suka ƙi cin abinci tare da shi. Kyaftin ya je ya zauna ya sa hannu a kwanon Tanimu. Daga ranar maganar ta mutu. Wahala sun sha ta, amma ba wanda ya nemi a canza masa wuri. Da aka ɗauke kyaftin aka kawo wani mai zagin iyaye, aikin ya fita ran kowa, suka riƙa ajiyewa ɗaya bayan ɗaya.

Maharazu ya yi ta buga wa tsofaffin abokan aikinsu waya. Ranar Asabar suka hallara a gonar da ke bayan Danja, har da Tanimu da furfurarsa, da Zubair mai ɗingishi. Suka shiga layi kamar dā, wasu na sarar kara, wasu na yanke kai.

Da hantsi Hajiya Sa'adiya, matar Manjo, ta sa aka kawo shi a bayan a-kori-kura. Ya rame ƙwarai. Ya daɗe yana kallonsu.

"Saje, wa ya ba ku wannan oda?"

"Ba kowa, yallaɓai. Ji muka yi, muka zo."

Ya kira su da sunayensu, bai ɓata ko ɗaya ba. Sai ya tambayi labarin Awaisu, direbansu na dā. Zubair ya ce an yi musu kwanton ɓauna bayan tafiyar Manjo, Awaisu bai dawo ba. Manjo ya sunkuyar da kai, ya yi masa addu'a, suka shafa.

"Ban so barinku ba," in ji shi. "Na roƙa a bar ni, aka ƙi."

"Mun sani, yallaɓai," in ji Tanimu.

Kafin la'asar sun ɗaure dammunan sun kai rumbu. Hajiya ta kawo tuwo da miyar kuɓewa, suka ci a zaure ana tuna tsofaffin wuraren da suka zauna. Da za su watse, Manjo ya tambayi inda iyalin Awaisu suke. Maharazu ya ce a Malumfashi, matarsa Raudatu na da 'yar gonar waken suya da ba a girbe ba. Suka sa Asabar mai zuwa.